Tambayoyi da amsoshi kan sabon kayan garka a kasuwar Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗiyar mai garka ce, babana ya daɗe yana noman rani a fadama nan kusa da Tawa a Nijar, ni da innata mu ke kasa kayan a kasuwa. Tun da sanyi ya fara sauka ake ta yi mini tambayoyi, wasu a waya wasu kuma a bakin tebur ina tsakiyar ƙirga canji, kuma kusan duk tambayoyin iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in zauna in haɗa su wuri guda in amsa a natse.

Wai yaushe sabon kaya ke fara shigowa kasuwa?

Ba rana ɗaya yake shigowa ba, bi da bi ne. Da an gama girbin hatsi masu garka sun koma fadama, to ganye ne ke fara isowa, salati da alayyahu da yakuwa da lawashi, don su ba su daɗewa, salati in an dasa shi wata guda da ƴan kwanaki ya isa cira. Wannan wajen Nuwamba zuwa Disamba ke nan. Bayan su sai shu, wato kabeji, da karoti da tumati da tattasai su biyo, albasa kuma ita ce mai nawa, wadda aka yi sammakon dasawa takan fara leƙowa ƙarshen Disamba ko Janairu amma babbar cira sai Fabrairu, Maris har Afrilu.

Fabrairu da Maris nan ne kasuwa ke cika maƙil, ko ina ka juya ja da kore. Daga nan bazara ta kama, zafi ya sa furen tumati ya riƙa zubewa bai ɗaura ɗa ba, ruwan rijiya ya yi ƙasa, kaya su fara ja baya.

Daga ina kayan ke zuwa? Duk na nan Tawa ne?

A'a. Akwai na garake na kusa, na kwarin Tadis da ƙauyukan kewaye, waɗanda ake cirowa da asuba a ɗoro bisa amalanken jaki ko bayan babur, su ne za ka ga saiwarsu da ɗanyar ƙasa. Akwai na Tabalak, bisa hanyar Agadas, inda ake shuka bakin tabki ana bin ruwa yana janyewa. Akwai na wajen Keita, kuma wanda ya san Keita ya san abin da aikin da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi wa yankin, mata ne suka ɗauki duwatsun nan da ka ana tare ruwa ana raya ƙasa. Sai kudu, kwarin Majiya, Galmi, Tsernawa, Birnin Ƙonni inda madatsun ruwa na Mozage da Zango ke ba gonakin ONAHA, ma'aikatar gwamnati mai kula da gonakin ban ruwa, ruwa, da kwarin Tarka wajen Madawa. Can ne gidan albasa.

Daga arewa kuma duwatsun Ayar na aiko da dankalin turawa da tafarnuwa da lemun Timiya, har da albasarsu wadda ke riga tamu hitowa.

Dattawa suna cewa noman rani da ma akwai shi tun kaka da kakanni, amma bayan farin 1984 ne zamanin shugaban ƙasa Janar Seyni Kountché aka tashi tsaye aka ce kowa ya koma garka, tun daga nan abin ya zama hanyar ci da iyali ga mutane da yawa.

Mi ya sa kayan farko ke tsada haka? Ba ku tsoron Allah ne?

Wannan tambayar ita ta fi yawa kuma wallahi ba na jin haushinta, don wanda bai taɓa shiga garka ba ba zai sani ba. Kafin ka ga tumati na farko bisa tebur a Disamba, to an zuba irinsa tun damina ba ta ƙare ba, lokacin da ruwan sama ke dukan ƴan tsire, ga raɓa ga ƙwari ga fara ga ciwon da ke sa tsiro ya kwanta tun yana ɗan yatsa. Na ga babana da idona yana durƙushe da magariba yana kafa ƴan sanduna yana lulluɓe wurin renon iri da tsohon gidan sauro, ya danne gefe da duwatsu, in hadari ya taso cikin dare ya tashi ya tahi da fitila ya ɗora zana sama. Wata shekara sau uku yana zuba iri, na farko ruwa ya tahi da shi, na biyu ƙwari suka cinye, na ukun ne ya kama. Kuɗɗin irin nan biyu da suka lalace wa zai biya? Suna cikin kashin tumatin da kake tayawa.

Ga esansi na injin ban ruwa, ga taki, ga tiyo da ke fashewa, ga ɗan aikin da za a biya. Kuma yawancin masu garka da bashi suke shiga aikin, wani ya karɓi iri da taki wurin ɗan kasuwa bisa sharaɗin in an cire a sayar masa. To sati ukun nan ko huɗu na farko da kaya ke da daraja su ne kaɗai damar da mutum ke da ita ya biya bashi ya saura da wani abu a hannu. In suka wuce shi ke nan, kowa ya kawo nasa, farashi ya faɗi.

To ashe gara in jira ya yi arha?

In aljihunka bai kai ba jira, babu laifi ko kaɗan, kowa ya san halin da ake ciki. Amma ga abin da nake so mutane su gane, kuma saboda shi ne ma na zauna rubutun nan. Lokacin da kaya ke sabo mai garka ba ya rasa mai saye, masu hali suna rububi, masu gidan abinci suna aiko yara tun da sahe. Lokacin da yake bukatarku shi ne Fabrairu da Maris, sadda kwandon tumati ke komawa kuɗɗin da ko na mota bai biya ba. Na sha ganin mutum ya taso daga ƙauye da kwando shida, rana ta take, tumati ya fara ruwa yana ɗiga ta ƙasan kwando ƙuda na bi, la'asar ta yi ya tsaya yana kallon kayan don komawa da su asara ce bari su ma asara ce. Ranar nan in kika sayi tasa biyu maimakon ɗaya kika je kika shanya, kin taimake shi fiye da wanda ya sayi kashi guda da tsada a Disamba, ke ma kuma kin taimaki tukunyarki ta damina.

Mutane na cewa muna son mu taimaki manomanmu, to ga hanyar, ba sai an kira taro ba. Saya da yawa lokacin yawa, biya a hannu.

Ƙaƙa zan gane albasar Galmi ta gaskiya? Kuma sabuwa tana ajiyuwa?

Launinta ja ne mai shuɗi-shuɗi, tana da ɗan faɗi kamar an danne ta, ba dunƙulalliya ba ce sosai, kuma tana da yaji, in kika yanka ido zai gaya miki. Ita ce ake lodawa manyan motoci daga Galmi da Tsernawa da Madawa zuwa Gana da Kodebuwa da Togo da Benin da Burkina, har a Akara da Abijan an san sunanta. Shi ya sa da aka rufe iyakoki a 2023 mutanen yankinmu suka ji jiki, kaya ne da ba ya jiran a gama magana.

Ta farkon hitowa kam kar ki aje ta, ɗanya ce, wuyanta da kauri da ruwa, an cire ta ne don a riski kasuwa. Saya kaɗan ki ci cikin sati. Ta ajiya ita ce wadda aka bari ganyenta ya kwanta da kansa, aka yanke mata ruwa kwanaki kafin cira, aka bar ta ta sha iska har wuyan ya bushe ya tsuke ɓawon yana ƙara in an taɓa. Irin wannan ake zubawa a rudu, ɗakin kara mai shan iska da aka ɗaga daga ƙasa, ta yi watanni. Wadda aka cika wa takin zamani takan yi girma ta yi kyan gani amma saurin ruɓa gare ta. Latsa wajen wuyan da babban yatsa, in ya lotsa bar ta.

Taya kaya laifi ne?

Haba, kasuwa ce fa. In ba a taya ba ai ba daɗi, mu ma mun saba, ki ce Inna nawa kashi, ta ce dala arba'in, ki ce a rage, ta ce albarka, a ƙarshe a daidaita ta ɗora miki gyara. Abin da ke ciwo shi ne mutum ya ga tsohuwa da ƴar tasar yakuwa, ya san ba ta da ƙarfin riƙewa har yamma, ya tsaya ya matse ta har ta sallama ƙasa da abin da ta sayo, alhali shi ɗin in ya shiga butik ko sisi ba ya ragewa. Ribar tasar nan gaba ɗaya wata rana ba ta wuce kuɗɗin tiyar hatsi ba.

Ana cewa ana fesa wa kayan magani, ba haɗari?

Gaskiya ana fesawa, ba zan ɓoye ba, musamman shu da tumati, don akwai tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta mai shiga cikin ganye da ɗan tumati, in ta sauka a garka sai ta gama da ita. Matsalar ba fesawar kaɗai ba ce, wane magani ne kuma yaushe. Kowane magani na ƙwarai an rubuta a jikinsa kwana nawa za a jira kafin a ciri kaya, kuma akwai kwamitin ƙasashen Sahel ƙarƙashin CILSS, ƙungiyarsu ta yaƙi da fari, mai tantance waɗanda aka yarda da su. Amma kasuwa cike take da na bayan fage masu arha, wasu ma na auduga ne ba na abin ci ba, wani kuma bai iya karatun takardar ba sai ya auna da ido. RECA, wato haɗin majalisun manoma na Nijar, da ma'aikatan gona suna ta faɗakarwa a kan haka har da Hausa, kuma masu garka da yawa yanzu suna daka ƴaƴan dogon yaro su jiƙa su tace su sa ɗan sabulu su fesa, mu ma haka muke yi wa ganye.

Shawarata, san mai kayanki. Wanda kike saye wurinsa kullum kina iya tambayarsa Malam yaushe ka yi feshi, kuma zai ji kunyar yi miki ƙarya don gobe ma zai gan ki. Ganyen da kika ga ƴan huji kaɗan a jiki kar ki raina shi. In kin kai gida ɓare salati ganye-ganye, wanke da ruwa mai tsabta ki zubar ki sake har sau uku, shu kuma cire ganyen waje ki yar, karoti a kankare.

Ba dillalai ne ke cinye ribar ba?

Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma in babu su kayan ba ya motsi. Manomin da ke da buhu 50 na albasa a ƙauye ba shi da mota ba shi da wanda ya sani a Kumasi, dole sai da dillali. Inda ake cutuwa shi ne wajen buhu, a zo da ƙaton buhun da ya wuce kilo 100 a cika shi har a ɗinka masa hula a sama a biya kuɗɗin buhu ɗaya, da kuma karɓar kaya a ce sai an dawo daga tahiya a biya. Shi ya sa masu albasa suka kafa ƙungiyoyi irin su ANFO, kuma duk inda manoma suka haɗa kai suka tsaida magana ɗaya abin yakan yi sauƙi. Waya ma ta taimaka, yanzu kafin mutum ya sallama sai ya kira ɗan'uwansa a Tsernawa ya ji nawa aka sayar yau.

Wane irin taimakon juna ke akwai tsakaninku ƴan kasuwa?

Da yawa, sai dai ba a rubuta shi a allo. Akwai adashe, kowace ranar kasuwa a zuba, mai ɗauka ta ƙara jari ko ta sayi irin bana. Akwai asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a nan Nijar a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da yawa, akwatin ƙarfe da makullai a hannun mata daban-daban, a zuba duk sati, mai bukata ta ranta ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a raba. A garka kuma gayya ba ta mutu ba, ranar dashen albasa yau a yi wa wannan gobe a yi wa wancan don dashe ba ya son jinkiri, injin ban ruwa ma in na wani ya lalace maƙwabci zai ara masa da dare, shi dai ya zuba esansinsa.

Bara innata ta kwanta rashin lahiya kusan sati biyu daidai lokacin da salati ya kai, ni kuma ina wurin jinya. Matar da ke kasa kaya kusa da mu, wadda kullum muke ja-in-ja da ita kan wa ya shiga wurin wa, ita ta riƙa karɓar kayanmu daga hannun ƙanena da sahe, ta kasa su gefen nata, ta yayyafa musu ruwa, in mai saye ya zo ta ce fara da na Hajiya ba ta da lahiya. Da yamma ta ƙulle kuɗɗin a bakin zane daban ta aiko har gida, ko dala ba ta taɓa cirewa ba. Da na je yi mata godiya cewa ta yi ke ɗiyata tahi ki kula da uwarki. Har yau in na tuna sai idona ya cika.

Kuna ba da bashi?

Ga wanda muka sani, e, kaɗan. Amma don Allah a riƙa biya kafin kasuwa ta zagayo, mu ma da yamma ake zuwa karɓar kuɗɗin kaya wurinmu.

Ba ni da firigo, in na saya da yawa ƙaƙa zan aje?

Iyayenmu ba su da firigo kuma miyarsu ba ta taɓa rasa tumati ba. Kauɗa dai ita ce amsa, zaɓi nunannen tumati mai tauri wanda bai fashe ba, raba shi biyu, shanya bisa tabarma mai tsabta ko zana da aka ɗaga daga ƙasa, cikin ya kalli sama, a rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Iskar Fabrairu da Maris busasshiya ce, ƴan kwanaki ya bushe ƙayau, in kika karya ya yi ƙas to ya yi. A zuba a buhun da ke shan iska, ba leda ba. Tattasai da kuɓewa haka. Ganye irin zogala da yakuwa da shu kuma a inuwa ake shanya su don kar launi ya tahi. Lawashi a daka a dunƙula a shanya ya zama gabu, wanda duk ya ci miyar da aka sa gabu ya san ƙamshin.

Na ci yau da gobe kuma, salati a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a aje gindin randa, karoti a yanke ganyen a turbuɗe cikin yashi mai laima. Akwai ma dabarar tukunya cikin tukunya, ƙarama cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da tsumma, ruwan na bushewa cikin na yin sanyi. Wani malami ɗan Najeriya Mohammed Bah Abba ne ya yaɗa ta har ya samu kyautar Rolex a 2000, kuma a busasshen wuri irin namu tana aiki sosai.

Ina ƙasar waje wurin bida, ta wace hanya zan sa hannu?

Ƴan'uwanmu na Abijan da Libiya da Aljeriya da sauran wurare, ku kun san yankinmu na Adar, da wuya gidan da ba shi da mutum a waje. In za ka aiko da kuɗɗin garka aiko su da wuri, Satumba ko Oktoba sadda ake neman iri da taki, don kar ɗan'uwanka ya je ya ci bashin da zai ɗaure shi ya sayar da arha. In Allah ya hore maka, famfo mai aiki da hasken rana ya fi komi, esansi shi ke cinye manomi. Kuma in ka aiko kuɗɗin cefane gida ka ce a sayi buhun albasa da tumatin shanya a Maris. Na san samari da suka fasa tahiya bana don garka ta fara riƙe su, ba abin da ke faranta wa uwa rai kamar wannan.

Azumi yana taɓa farashi?

Sosai. Shekarun nan azumi na faɗowa Fabrairu da Maris daidai lokacin yawan kaya, kowa na son salati da tumati da kankana wajen buɗa baki, to hakan ya ɗan ɗaga mai garka. Sai dai ban ruwa da azumi a baki cikin rana ba wasa ba ne, ku riƙa sa su a addu'a.

Kayan da suka rage da yamma ina kuke kai su?

Wanda zai kwana a yayyafa masa ruwa a rufe. Wanda ba zai kwana ba a sayar da arha ga masu dambu da masu abincin dare, wani a ba almajirai da matan da muka san suna da marayu, sukan zo gab da magariba ba sai sun yi magana ba, an san su. Ganyen shu na waje da wanda ya lalace masu kiwo ke kwashewa, wasunsu in sun share garke su aiko mana da taki.

Wace rana kuma wane lokaci ya fi in zo?

Kullum akwai kaya amma Lahadi ce babbar kasuwar Tawa, ranar ne mutanen ƙauye ke shigowa da nasu da kansu, kina iya saye hannu da hannu wurin wanda ya noma. In ganye kike so zo da sahe kafin rana ta yi zafi. In na shanya kike so mai yawa zo bayan azahar ki zagaya wajen masu kwanduna. Taho da kwandonki ko tasa don ledar nan ta ishe mu, awaki na ci suna mutuwa, kuma ki riƙo canji, da sahe ba mu da canjin jika biyar.